Ƙato da gemunsa, ƙanwarsa ke yi masa wanki

A gidajenmu masu yawan jama'a akwai wani zalunci da aka saba da shi har ido ya daina ganinsa, wato yadda ake raba aikin wanki. Gida ne na mutum goma sha biyar ko ashirin, kowa ya tuɓe riga ya cilla bayan ƙyaure. Amma bi diddigin hannun da ke cuɗa tulin nan, za ka tarar bai wuce biyu ko uku ba: uwa da bayanta ya riga ya ƙage, da yarinyar da ba ta gama ƙaramar sakandare ba, sai almajiri ko 'yar aiki da ake sallama da ragowar tuwo. Samarin gidan kuwa suna majalisa suna musun ƙwallo, sanye da rigunan da ba su san yadda aka yi suka yi haske ba. Abin nan yana ƙona min rai, kuma na gaji da jin ana kiransa tarbiyya.

Hujjar da ake kawowa kullum ita ce wai wanki aikin mata ne. Ƙarya ce, kuma duk wanda ya taɓa fita ƙofar gida ya san ƙarya ce. Mai wanki da guga na layinku namiji ne. Masu bugun shadda da ake jin amon mabugansu tun daga nesa a cikin birnin Kano maza ne majiya ƙarfi. Yaron da aka kai makarantar kwana shi ke wanke yunifom ɗinsa, haka soja a bariki, haka ɗan bautar ƙasa a sansani, haka almajiri ɗan shekara bakwai da ke dirje rigarsa ɗaya tal a bakin kududdufi. Ashe hannun namiji ya iya kumfa. Idan za a biya kuɗi sai wanki ya zama sana'ar maza, idan kuwa kyauta za a yi shi a tsakar gida sai a ce ai bai dace da ɗa namiji ba. Da wane ma'auni aka auna wannan?

Ku leƙa irin gidan nan da safiyar Asabar a tsakiyar hunturu. Yarinya tana durƙushe gaban baho tun kafin rana ta faɗo tsakar gida. Ruwan da ya kwana a duro sanyi kamar ƙanƙara, ƙullin omo ɗaya aka ba ta aka ce ta yi manejinsa, sai ɗan guntun sabulu da ya siɗe har yana zille mata. Gefenta ga zanin gadon ƙanenta mai fitsarin kwance, ga yunifom na yara shida, ga hijaban Islamiyya, ga wandon jins na Yaya wanda idan ya sha ruwa sai ta taka ƙafarsa ɗaya kafin ta iya matse shi. Gaɓoɓin yatsunta sun saluɓe, gefen farcenta ya tsage, omo na shiga tana cije leɓe. Tana cikin ɗauraya sai ga Yaya ya fito yana miƙa, ya ƙara jefo singileti da safa, ya ce, "Ke, ki cuɗa wuyan rigar nan sosai, wancan karon ba ta fita ba." Ba sannu, ba na gode. Idan ta ɗaga ido ta dube shi, a ce ba ta da kunya. Ranar Litinin kuma malami ya zane ta don ba ta yi aikin gida ba, alhali babu wanda ya tambayi inda Asabar da Lahadinta suka tafi.

A gidan da ake da mata biyu ko uku kuwa abin ya fi muni, domin tulin ba ya faɗa wa kowace yarinya daidai. Yana neman wadda ba ta da mai tsaya mata: 'yar riƙo, marainiya, ko wadda uwarta ta fita ta bar ta a hannun kishiya. Kowa a gidan ya san haka, kowa kuma ya kawar da kai.

Iyaye mata, ba zan wanke ku ba. Sau nawa na ji uwa da bakinta tana cewa, "Haba, ɗana ya yi wanki ga mata cike da gida?" Ke da kika san zafin durƙuso, ke ce kuma kike raino wa 'yar wata irin mijin da kike kuka da shi.

Amma babban laifin na maigida ne, domin shi ke riƙe da aljihu. Shaddarsa ba ta shiga bahon tsakar gida. Ana kai ta wurin mai wanki, a sa mata sitaci, a buge, a dawo da ita a ninke cikin leda, ya biya ba tare da ya yi ciniki ba. Shi ɗin ne kuma idan aka ce masa sabulu ya ƙare sai ya haɗe rai ya ce, "Wanda na kawo rannan fa, sha kuke yi?" Yana lissafa shinkafa da mai da kuɗin makaranta, ba ya lissafa ruwa da sabulu, kamar daga sama suke zubowa. A Kano matatun ruwa na Challawa da Tamburawa suna nan, amma unguwanni da yawa rabonsu da ganin ɗigon famfo an jima, sai dai a jira ɗan ga-ruwa da kurarsa. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, mai rijiyar burtsatse da ke tayar da janareta ya ƙara kuɗi, ɗan ga-ruwa ya ƙara nasa, kuma wankin babban gida yana iya lashe kura guda ta jarkoki a yini. A shekarar ce kamfanin Unilever ya sanar da daina yin Omo da Sunlight a Najeriya, a watan Disamba kuma Procter & Gamble mai Ariel ya ce zai rufe sarrafa kaya a ƙasar ya koma shigo da su. Duk wannan tsadar ta sauka ne a kan matar da ke yage kuɗin ruwa daga kuɗin cefane, ko daga 'yar ribar ƙosai da awararta.

Masu ba da shawara daga ofis mai sanyi sukan ce a sayi injin wanki a huta. Inji yana son wuta da ruwa mai gudu. A watan Afrilun 2024 an kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225 a kan kowane yunit, sauran jama'a kuma ga su nan suna jiran a kawo. Wanda yake da hali ya saya, Allah ya sa albarka. Amma gidan da har yanzu ake hura dutsen guga na gawayi ba inji ne matsalarsa ta fari ba, hannuwa goma ne da ke zaune ba su taɓa ruwa.

Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar kimanin 'ya'ya 6.6 a rayuwarta. Ba na faɗa da yawan zuri'a, arziki ne. Amma hannu da yawa aka ce maganin ƙazamar miya, ba a ce baki da yawa ba. Wanda ya tara jama'a ya sauke nauyinsu.

Kada kuma wani ya fake da addini, domin addinin bai ba shi mafaka ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu tun kaka da kakanni, ta ɗora wa miji mai yalwa nauyin samo wa matarsa mai yi mata hidima. Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, yakan ɗinke tufarsa da kansa. To wane ne kai, saurayi ɗan shekara ashirin, da za ka ga wanke gajeren wandonka ya fi ƙarfin girmanka, har ka miƙa wa ƙanwarka budurwa? Ina kunyar da muke tinƙaho da ita?

Abin da nake nema ba shi da wuya. Duk yaron da ya kai shekara goma, mace ko namiji, ya wanke yunifom ɗinsa da ƙananan kayansa, a nuna masa yadda ake jiƙa fari daban da mai zuba, yadda ake juya atamfa kafin a shanya don kada rana ta cinye ta. Samari su ɗauki jan ruwa da manyan kaya, barguna da labulaye da jins, tunda ƙarfin da suke alfahari da shi na nan ne. A raba kwanaki ɗaki-ɗaki don kada igiya ɗaya ta zama sanadin faɗan kishiyoyi. Kayan mai ƙazuwa ko makero a ware su, a wanke da ruwan zafi, a baza a rana, maimakon a cusa su baho ɗaya cutar ta zagaye yara. Almajiri ko 'yar aikin da aka sa wanki a yi tsada da su a biya su kuɗi, ƙanzo ba lada ba ne.

Wannan doka kuma daga bakin maigida za ta fito, domin saurayin da ya fara tsirar gemu ba ya jin maganar uwa a kan baho. Malam, ka tara su bayan sallar isha'i ka faɗa da bakinka, ka ware kuɗin sabulu da na ruwa daban da na cefane. Ranar da babban ɗanka ya gwada ka ya tara kayansa a ƙofar ɗakin 'yan mata, ka sa a mayar masa da su kan katifarsa yadda suke, ko da ranar Juma'a ce kuma ba shi da ta sawa.