Ka Goge "Booster" Ɗin Nan, Batirinka Yake Ci

Jama'a, maganar nan zan ta maimaita ta har sai an ji. Manhajar nan mai hoton tsintsiya ko roka, wadda kake dannawa wai tana wanke RAM, ba ta ƙara wa wayarka gudu ko kaɗan.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Kowace manhaja a Android tana gudana ne a matsayin aiki mai lambarsa, wasu kuma suna haifar ƙananan ayyuka a ƙarƙashinsu. Booster ya kashe aiki, bayan ɗan lokaci Android ta sake tayar da shi tun daga farko. Wannan tashin ya fi cin caji fiye da a bar shi kwance. Kuma Android tana da nata mai shara, lmkd, wanda ke rufe ayyuka da kansa idan RAM ya cika.

A Fabrairun 2020 Google ta cire manhajojin kamfanin Cheetah Mobile, masu Clean Master, daga Play Store. Daga Android 14 kuwa an hana manhaja kashe aikin wata manhajar a bayan fage. To a sabuwar waya me booster ke yi maka? Zane da talla kawai.

Mu nan Jibiya abin ya fi shafar mu. Da yawa layi biyu muke riƙewa, na Najeriya da na Nijar. Ka nufi Magama ko hanyar Ɗan Issa, waya ta yi ta laluben sabis, batir ya yi ta sauka. Wannan ba laifin RAM ba ne. Ka kashe layin da ba ka amfani da shi. Ga kuma ɗan kasuwa yana jiran alat na kuɗin kaya, alhali booster a tsohuwar wayarsa ya rufe manhajar bankin. Wa ya yi asara?

Idan manhaja ɗaya ce ta maƙale, shiga Settings, Apps, ka zaɓe ta, ka danna Force stop. Wannan yana kashe ta da duk ayyukanta. Amma ka sani, sanarwarta ba za ta ƙara shigowa ba sai ka buɗe ta da hannunka.

Masu rubuta umarni a Termux, ku kula: kill da lambar aiki uwar kaɗai yake kashewa, 'ya'yan su zama marayu suna ci gaba da aiki. Fara da pkill -P da lambar uwar, sannan ka kashe ta. Mai kwamfuta kuma ya yi amfani da adb shell am force-stop da sunan manhajar.

Duk mai gyaran da ya saka maka booster wai ya yi wa waya sabis, ka ce ya cire a gabanka. Tura wa ɗan'uwanka da ke yawan kukan caji.