Ba Kwamfuta Ce Ta Tona Asirin Gidan Vanger Ba

Tun da aka buga littafin Stieg Larsson na farko a Suwidin a 2005, shekara guda bayan rasuwar marubucin, masu sharhi suke jera shi cikin labaran da fasahar zamani ke kama mai laifi. Hujjarsu Lisbeth Salander ce, yarinyar da ke kutsa cikin kwamfutar duk wanda ta ga dama. Wannan karatu na gaggawa ne, kuma ya zalunci littafin.

A duba yadda aka warware babban asirin. Harriet Vanger ta ɓace a 1966 a tsibirin Hedeby, ranar da hatsarin tankar mai ya toshe gadar da ke haɗa tsibirin da gari. Bayan kusan shekara 40, tsoho Henrik Vanger ya ɗauko ɗan jarida Mikael Blomkvist ya sake tono maganar. Da me ya fara ganin haske? Da tsofaffin hotunan bikin ranar yara da ya zaƙulo daga taskar jaridar garin, inda aka ga fuskar Harriet ta sauya sa'ad da ta hango wani a cikin taro. Sai kuma sunaye da lambobin da ta rubuta a littafinta, waɗanda 'yan sanda suka yi shekaru suna ɗauka lambobin waya ne. 'Yar Blomkvist, wadda ba ta taɓa binciken laifi ba, ita ce ta gane cewa ayoyi ne na Littafi Mai Tsarki, daga Littafin Firistoci. Ita kanta Salander, ba a gaban na'ura ta gano makashin ba. A ɗakin ajiyar takardun kamfanin Vanger ta raba dare tana buɗe fayiloli masu ƙura.

Gaskiya ne an yi satar sauraron wayar Anita Vanger a Landan kafin a san Harriet na raye a Ostareliya. Amma a lokacin an riga an ci ƙarfin aikin.

Inda kutse ya yi sarauta shi ne a rikicin attajiri Wennerström, kuma nan ne littafin ya fi rauni. Blomkvist ya sha kaye a kotu saboda rashin hujja, har aka yanke masa ɗauri. Daga baya Salander ta miƙo masa duk abin da ke cikin kwamfutar mutumin, kamar an aiki aljani. Babu gumi, babu shakka, babu wanda ya tsaya ya tambayi ko halal ne ɗan jarida ya gina labari a kan kayan sata. Mai karatu yana tafi ne kawai saboda wanda aka yi wa kutsen azzalumi ne.

Mafarin ruɗanin, a wani ɓangare, sunan littafin ne. Larsson ya raɗa masa Män som hatar kvinnor, wato maza masu ƙin mata, kuma abin da ke ciki ke nan: uba da ɗa masu kashe mata, da waliyyin da hukuma ta naɗa wa Salander ya ci zarafinta. Fassarar Ingilishi ta 2008 ta sauya shi zuwa The Girl with the Dragon Tattoo, ta ɗauke ido daga masu laifin ta mayar da shi kan zanen da ke jikin yarinyar.