Wasan Motsa Jiki Na Talabijin: Don Gwanaye Ko Don Kowa?

A wannan mako ina so mu yi shawara a kan wata gardama wadda ta shafi aljihun iyaye da lokacin yara.

Wasan kwamfuta iri biyu ne. Akwai wanda ake zaune ana danna maɓallai da yatsu. Akwai kuma wanda mutum zai miƙe tsaye ya wurga hannu ko ya kai naushi, na'ura ta lura da motsinsa, ta kwaikwaya a fuskar talabijin. To, wannan na biyun, wa ya kamata masu ƙera shi su nufa: gwanaye masu kwana suna tashi da wasa, ko kuwa masu taɓawa jefi-jefi? Ni dai a ganina na masu jefi-jefi ne, ga kuma dalili.

Cikin 2006 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fito da na'urar Wii. Abin riƙonta ɗan sanda ne da ake kaɗawa, tsoho da yaro kowa ya iya nan take. Aka sayar da fiye da miliyan 100. Cikin 2010 Microsoft na Amurka ya kawo Kinect, mai ido da ke ganin jikin mutum, ya sayar da miliyan 8 cikin kwana 60. Sai daɗin ciniki ya kwashe su. Cikin 2013 suka haɗa Kinect da sabuwar na'urarsu Xbox One, ko ka so ko ka ƙi, a kan dala 499, alhali Sony na sayar da PlayStation 4 dala 399. Gwanaye suka juya baya. Ba shiri, cikin 2014 aka raba su, aka rage dala 100, cikin 2017 kuma aka daina ƙera Kinect ɗin. Garin neman gira aka rasa ido.

Mu dawo gida. Wanda duk ya leƙa gidajen gem na Fagge da Sabon Gari ya san abin da ake yi: ɗan shago ne matsattse, da benci, da janareta na ruri, samari sun biya kuɗi suna buga ƙwallon PlayStation. Gwani so ya ke in ya danna, abin ya amsa daidai, domin kunyar a ci shi gaban abokai ba ƙarama ba ce. Na'urar motsi kuwa takan yi jinkiri kaɗan, wani sa'in ta kuskure. Sa'an nan Kinect na bukatar filin ƙafa 6 tsakaninka da talabijin, in mutum biyu ne ƙafa 8. Ina mai shago zai sami wannan fili? Taura biyu ba ta taunuwa.

Amma a cikin gida labari ya sha bamban. 'Yan mata da iyayensu, waɗanda ba sa zuwa gidan gem, su ma za su sami rabo. Yaro zai yi gumi maimakon zaman dirshan, uba kuma yana ganin abin da ɗansa ke yi. Kakanninmu sun san wannan: langa ta kowa ce, dara kuwa sai mai zurfin tunani, ba wanda ya ce a haɗa su wasa guda.

Wani zai ce, ai gwanaye ma suna amfani da motsi. Gaskiya ne. Wasan Splatoon na 2015 da karkata abin riƙo ake saiti, gwanaye da yawa sun so shi. Amma a lura, zaɓi aka ba su, mai so ya kunna, wanda bai so ya kashe. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Saboda haka ina jan kunnen malamai da akawuna: kadan za ka sayi na'ura a kasuwar Sabon Gari, fara tambayar kanka wa zai yi wasan. In don iyali ne, nemi mai motsi, ka auna ɗakinka tukuna. In kuwa tsohuwar Wii ko Kinect ce ta gwanjo, kada ka biya sai an gwada ta a gabanka, gama an daina ƙera su.

Wanda ya ke da wani ra'ayi dabam, fili nasa ne, ya rubuto mu ƙaru. Allah ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu, Fagge, Kano.