Kada Ka Bar Wa Mai Shigowa Guba

'Yan uwa maza da mata masu shirin tashi daga gida, ku dakata kafin a kira mai a-kori-kura. An ɗaure katifu, an naɗe darduma, an jera kwanuka a kwali. Saura wuri ɗaya. Saura gareji, saura sito, saura lungun nan na bayan ɗaki da muke jefa duk abin da ba mu son gani. Ku buɗe shi yau. Ku buɗe shi da hantsi, lokacin da yara suke makaranta.

Ku duba da kyau. Ga ragowar fiya-fiya a gorar ruwa. Ga kananzir a kwalbar lemo. Ga maganin feshin ciyawa da ya rage tun damina, takardar jikinsa ta ɓare. Ga tsohon batirin mota, farin gari ya taru a kansa. Ga sodar da uwargida ta saya don haɗa sabulu, tana ƙulle a leda, fara tas kamar sukari.

Kai ka san abin da ke cikin kowace kwalba. Kai kaɗai ka sani. Wanda zai karɓi makulli a bayanka bai sani ba. Matarsa ba ta sani ba. Ɗansa mai rarrafe, da zai riga kowa shiga lungun, bai sani ba. Almajirin da za a sa share gidan da yaron bola-jari da zai tona juji, su ma ba su sani ba. Wannan amana ce a wuyanka, malam. Kada ka tafi ka bar ta.

Ba ƙaramin abu ba ne. Sinadarin da ke cikin fiya-fiya shi ne a cikin Sniper, kuma saboda rayukan da ya ci ne hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da shi a 2019. Maganin ciyawa irin su Gramoxone kurɓi ɗaya na iya kashe babban mutum, kuma har yau ba shi da makari. Ƙwayar da ake jefawa a buhun wake don ƙwari, da ta sha danshi sai ta saki iskar da ke kashe mai barci a ɗaki. Batiri kuwa dalma ce a cikinsa. Wa ya manta da Zamfara a 2010? A ƙauyukan Anka da Bukkuyum yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dalma daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje. Dalmar nan ita ce dai a batirin da ke zaune a garejinka.

To, a tashi a yi aiki!

Sa safar hannu, ka rufe hanci, ka buɗe ƙofa da taga. Fito da komai fili. Abin da ke cikin mazubinsa na asali, bar shi a ciki, ka ɗaure murfin. Abin da aka juye a gorar ruwa, ɗauki alƙalami ka rubuta GUBA a jikinsa, da boko da ajami. Kada ka shinshina don ka gane mene ne. Kada ka haɗa wannan da wancan don rage kaya: Hypo da ruwan wanke masai idan suka gamu, iska mai shaƙe numfashi suke fitarwa.

Kada ka zuba a kwata. Kwatar ƙofar gidanka a fadamar masu lambu take ƙarewa, latas ɗin nan kuma mu ne za mu ci shi. Kada ka zuba kusa da rijiya. Kada ka cinna wa tarin wuta. Gwangwanin feshin sauro fashewa yake yi, hayaƙin kuma maƙwabta ne za su shaƙa.

Batiri, kai shi wurin mai sayar da batir yadda yake, a tsaye, ba a fasa ba, ba a tsiyaye ruwansa ba. Har kuɗi za a ba ka. Baƙin mai, zuba a jarka ka kai inda ake juyen mai. Ragowar fenti, ba mai fentin unguwa. Maganin gona mai takardarsa, miƙa wa manomin da ya san aikinsa hannu da hannu. Wanda ba a gane shi ba, a nemi malamin gona, a Kano a tuntuɓi hukumar aikin gona ta KNARDA. Magungunan da wa'adinsu ya ƙare, mayar da su kantin magani ko asibiti a nemi shawara.

Iyayenmu mata, ga naku: jarkar maganin feshi ba ta zama jarkar ruwa, ba ta zama ta manja, komai wankin da aka yi mata. A ɗauraye ta sau 3, a zuba ruwan ɗaurayar a injin feshi, a huda gindinta don kada wani ya tsinta ya yi sha'awa.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, yaro ya sha, kada a sa masa yatsa ya yi amai. Kada a ɗura masa manja ko madara. Kananzir idan ya dawo huhu yake shiga, soda kuma sake ƙona maƙogwaro take yi. A ɗauki yaron, a ɗauki kwalbar, a ruga asibiti.

Masu gidajen haya, kada ku karɓi makulli sai kun leƙa sito. Dillalai, ku tambaya. Masu unguwanni da limamai, ku faɗa wa jama'a ranar Juma'a. Matasa, ku taya dattijon da ba zai iya ɗaga batiri ba.

Kai kuma ɗan uwa mai tashi, Allah ya sa ka shiga sabon gida a sa'a. Amma kafin ka miƙa makullin tsohon, don Allah koma ka sake duba lungun nan.