Yadda Yahudawa Ke Tallafa Wa Junansu, Da Abin Da Ya Rage Mana A Safana

  

'Yan uwana masu karatu, yau ina so mu dubi yadda al'ummar Yahudawa suke tara dukiya suna raba ta ga makarantunsu da marayunsu da masu neman jari a cikinsu. Na san wani zai ɗaure fuska da jin sunan, saboda abin da idanunmu suka gani a Gaza tun daga Oktoban 2023. Wannan zalunci ne, kuma babu Musulmin da zai wanke shi. Sai dai aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu kauce wa adalci, kuma a cikin Yahudawan kansu akwai masu yawa da suka fito fili suka yi tir da wannan yaƙi. Sa'annan ɗaukar dabara mai amfani daga wata al'umma sunna ce ta magabata. Ramin Khandaƙ dabarar Farisawa ce da Salman (RA) ya kawo, haka kuma tsarin diwani da Sayyidina Umar (RA) ya kafa.

Yahudawan duniya duka kimanin miliyan 15 zuwa 16 ne, ba su kai rabin Hausawa ba. Mutane sukan ce ai masu kuɗi ne shi ya sa. Wanda ya karanta tarihinsu zai ga tsarin ya riga kuɗin zuwa. Tun a tsohon littafin fiƙihunsu da ake kira Mishna, an shar'anta cewa kowane gari yana da asusun talakawa, mutum biyu ne suke karɓar kuɗinsa, mutum uku suke raba shi, domin kada amanar jama'a ta zama a hannun mutum ɗaya. Daga baya babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ta Andalus ya kuma rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka mataki takwas. Matakin da ya ɗora a sama da kowanne shi ne ka ba mutum rance ko jari ko ka nemo masa aiki har ya daina buƙatar roƙo.

Da suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarshen ƙarni na 19, yawancinsu matalauta ne 'yan gudun hijira daga Gabashin Turai. A 1892 wasu 'yan ci-rani a birnin New York suka haɗa dala 95 suka kafa ƙungiyar Hebrew Free Loan Society, mai ba da rance ba ruwa, wato abin da muke kira ƙarzul hasan. Har yau tana aiki, kuma tana ba wanda ba Bayahude ba. A 1895 ƙungiyoyinsu na agaji a birnin Boston suka haɗe a inuwa ɗaya, aka daina yi wa attajiri ɗaya layin masu roƙo goma. Sau ɗaya ake tara kuɗi a shekara, kwamiti ya zauna ya raba. Wannan salo ya bazu, yanzu akwai irin waɗannan gamayya fiye da 100 a Amurka da Kanada. A 1914 kuma suka kafa hukumar da ake taƙaita sunanta da JDC domin agaza wa 'yan uwansu da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tagayyara. Gaskiya ne wani kaso na wannan dukiya yana tafiya Isra'ila, kuma muna da ja a kan haka. Abin da nake nunawa shi ne yadda injin yake aiki.

Ga yadda yake. Makaranta ko gidan tsofaffi ko ƙungiyar matasa za ta rubuto takarda ta ce ga aikin da za ta yi, ga yawan mutanen da za su amfana, ga kuɗin da zai ci. Kwamiti ya bincika, ya je ya gani da ido. In an amince, a ba da kuɗin kashi-kashi, ba a sakin na biyu sai an kawo bayanin yadda aka kashe na farko. Uwar dukiyar kuma ba a cinye ta, ana juya ta ne a ci daga ribarta. Dokar Amurka ma ta wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu su kashe aƙalla kashi 5 cikin 100 na dukiyarsu kowace shekara, don kada a fake da sunan agaji a ɓoye kuɗi.

Ya kai ɗalibin ilimi, shin wannan bai yi maka kama da wani babi da ka karanta a Risala ko Mukhtasar ba? Ai babin hubusi ne, wato waƙafi. Lokacin da Sayyidina Umar (RA) ya sami fili a Khaibar ya nemi shawara, Manzon Allah (SAW) ya nuna masa ya tsare asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa jama'a. Abin da zai fi ba ka mamaki, malaman sira sun kawo labarin Mukhairiƙ, wani malamin Yahudawan Madina da ya fita yaƙin Uhudu a shekara ta 3 bayan hijira tare da Musulmi, ya yi wasiyya cewa in an kashe shi dukiyarsa ta Annabi ce. Aka kashe shi, Annabi (SAW) ya mai da gonakinsa bakwai sadaka, kuma malamai da dama suna ƙirga su a matsayin waƙafi na farko a Musulunci. Da waƙafi aka riƙe masallacin Ƙairawiyyin da Fatima al-Fihriyya ta gina a Fas a 859, da shi aka riƙe Azhar ɗaruruwan shekaru. Takardun Yahudawan tsohuwar Alƙahira da aka gano a ɗakin ajiyar wurin ibadarsu sun nuna su ma suna da gidajen haya da suka tsare wa malamai da talakawa, kafaɗa da kafaɗa da waƙafin maƙwabtansu Musulmi. Ashe kayanmu ne muka saki, wasu suka riƙe.

Mu dawo gida. Duk wanda yake zaune a Safana ko Batsari ya san abin da zama a bakin dajin Rugu ya jawo mana a shekarun nan. A Fabrairun 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Ɗankar ta ƙasar Batsari a hari ɗaya, kuma wannan ɗaya ne daga cikin masu yawa. Ƙauyuka sun watse, gonaki sun kwana ba noma, shanun huɗa sun tafi. Ko da aka yi zaman sulhu a 2025 aka ɗan sami sararawa, sulhu bai dawo da uban da aka kashe ba. A Islamiyyar da nake koyarwa, idan na kira sunaye na tambayi waliyyin yaro, sau da yawa amsar ita ce kaka ko kawu. Yarinya mai haddar izu goma takan ɓace daga aji, in ka bincika ka tarar an ɗora mata talla domin gidan su ci. Malamai kuwa suna dogara ne da ɗan kuɗin wata da iyaye suke biya, kamar kuɗin Laraba na makarantar allo, alhali iyayen ne ba su da shi.

Kada wani ya ce mutanenmu marowata ne. Wallahi ana bayarwa. Da azumi ya kama za ka ga motocin shinkafa da gero da atamfa, a tara zawarawa a rana, a ɗauki hoto a saka a Facebook. Allah ya saka wa masu yi. Amma kafin a gama Sitta Shawwal buhun ya ƙare, marayan yana nan inda yake, kuma babu littafin da zai nuna wa ya samu wa bai samu ba. Wata bazawara ta karɓa sau uku saboda tana kusa da titi, wata a bayan Runka ko Babban Duhu ba ta ji ko labari ba. Kyauta ba tsari kamar ɗiban ruwa ne da kwando.

Ba daga sifili za mu fara ba. Jihar Katsina tana da hukumar zakka da waƙafi, Sakkwato da Kano da Zamfara suna da nasu. Jami'ar Al-Ƙalam da aka buɗe a Katsina a 2005 gidauniyar Musulmi ce ta kafa ta, shaida ce cewa idan muka haɗa hannu muna iyawa. Amma hukuma tana birni, maraya yana ƙauye. Don haka nake ba da shawara huɗu ga limamanmu da attajiranmu da 'ya'yan Safana da ke aiki a Katsina da Kano da Abuja.

Na farko, kowace gunduma ta sami asusu ɗaya, a ƙarƙashin idon hakimi da limaman kowane ɓangare, ɗan Izala da ɗan Ɗariƙa a tebur ɗaya. Mai karɓa daban, mai rabawa daban, a karanta lissafi a masallacin Juma'a duk wata uku.

Na biyu, a raba jakar zakka da ta waƙafi. Zakka tana da masu cinta takwas da aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ba a gina aji da ita. Ushirin gero da dawa, wato ɗaya bisa goma na abin da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, ya tafi ga mabuƙata. Albashin malami da rufin aji su fito daga waƙafi.

Na uku, kada a jira mai biliyan. Malikiyya sun halatta waƙafin dabba, da na kuɗi domin a riƙa ba da rance, har da na wani ƙayyadadden lokaci. Mai shago ɗaya a kasuwa zai iya tsare hayarsa na shekara biyar. Mai awaki zai iya ba da biyu a kai wa bazawara kiwo, in sun haihu a miƙa 'ya'yan ga wata.

Na huɗu, duk makarantar da take son tallafi ta rubuto buƙatarta, a je a gani, a bayar kashi-kashi, ta kawo rasit. Wannan ya haɗa da tawa.

Wani zai ce sadakar ɓoye ta fi lada, rubuce-rubuce kuma riya ce. Amsa ita ce sunan mai bayarwa ake ɓoyewa, lissafin amana kuwa bayyana shi ake yi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Asusun gari ma ya fi rufa asiri, domin bazawara za ta karɓa a ɗakinta ba tare da kyamara a fuskarta ba.

Yaran nan da aka kashe iyayensu za su girma ko mun kula da su ko ba mu kula ba. Idan ba mu riƙe su a aji da sana'a ba, daji yana nan kusa, kuma yana ɗaukar ma'aikata. Allah ya ba mu ikon gyarawa, ya jiƙan waɗanda muka rasa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, Shi ne kuma mafi sani.