Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski



Yau maganar a kan wani abu ce da ya zama ruwan dare a wayoyinmu. Kusan kowane mako sai an turo bidiyo a gurup: wani bawan Allah gurgu ko makaho, ko yarinyar da shan inna ta kama, an zaunar da su ƙofar ɗaki, an buɗe ƙafar da ta shanye ana nuna wa duniya, wani saurayi yana tsaye da salula yana cewa a taimaka don Allah, ga lamba, a tura ta Nita ko Amana ko Airtel Money. Mu ko sai mu yi ta "Allah sarki", mu tura abin da ya sawwaƙa, mu watsa gaba. Bayan kwana goma an manta, wani bidiyon ya shigo.

Ni dai ga matsayina, kuma ba zan ɓoye ba: yadda ake wannan tara kuɗin a yanzu, cutar da yake yi wa naƙasassu ba ƙarama ba ce, kuma lokaci ya yi da za mu sa masa ƙa'ida.

Kada wani ya juya mini magana. Ban ce a daina taimako ba. Talakan da ya cire jika ɗaya daga kuɗin cefanensa ya tura, Allah ya san zuciyarsa, kuma ladansa na nan. Akwai waɗanda da wannan kuɗin aka kai su asibitin ƙasa na Damagaram, aka yi musu aiki, suka tashi. Akwai kuma matasa masu tsoron Allah da suke wannan hidima ba su taɓa cin ko dala ba. Da tsarin nake faɗa, da masu fakewa a cikinsa.

Abu na farko, mutunci. Wa ya ce sai an tsiraita mutum kafin a taimake shi? Mutumin da ya kwana biyu bai ci ba, ka zo masa da waya ka ce zan ɗauke ka a tara maka kuɗi, yaya za a yi ya ce a'a? Yunwa ce ta amsa maka, kai kuma ka kira ta yarda. Sau nawa ake gaya masa cewa bidiyon nan zai kai Kano, ya kai Tamanrasat, surukansa su gani, abokan 'ya'yansa a lakwal su gani? Kuɗin zai ƙare cikin wata guda, bidiyon kuwa ba ya mutuwa. Yarinyar da aka nuna tana rarrafe tana da shekara 10, gobe budurwa ce, kuma hoton na nan cikin wayoyin samarin garinsu. Addinin da muke taƙama da shi ya koyar da cewa sadakar ɓoye ta fi, ya kuma hana a ɓata sadaka da gori da cutarwa. To wane gori ya wuce a sa fuskar mutum gaban dubban jama'a yana kuka, kai kana gefe kana ƙirga masu danna maka alamar so?

Abu na biyu, lissafi. A mafi yawan bidiyon nan, lambar da ake bayarwa ta mai ɗaukar hoton ce. Shi kaɗai ya san abin da ya shigo. Wasu kuɗin sefa ne, wasu naira ce daga 'yan uwa da ke Najeriya, sai an bi ta wurin 'yan canji. A nawa aka canza? Nawa aka cire na mota, na man babur, na katin waya? Ba mai tambaya, don duk wanda ya tambaya sai a ce ba ya son alheri. Mu ɗauki misali: an tara jika 600, an kai wa mai lalura buhun hatsi biyu da jika 100, an sake ɗaukar hoto yana godiya. Wa zai san saura jika nawa suka maƙale a hanya? Shi bai iya karatu ba, wayar ba tasa ba ce, kuma kunya ba za ta bar shi ya tuhumi wanda ya kawo masa abinci ba.

Kada ku ce wannan halin talauci ne ko halin baƙar fata. A Amurka, a shekarar 2017, wata mata da saurayinta sun buɗe asusu a shafin GoFundMe da sunan wani mutum marar muhalli, suka ce ya taimaki matar da 'yan kuɗinsa na ƙarshe lokacin da manta ya ƙare a hanya. Mutum kusan 14.000 suka tura dalar Amurka 400.000, abin da ya haura sefa miliyan 200. Daga baya aka gano labarin ƙirƙira ne, kuɗin sun tafi a mota da caca da yawon shaƙatawa, kotu ta ɗaure su. Can da ake da banki da takardu da masu bincike ke nan. Ina ga nan, inda shaidar kawai ita ce "wallahi na kai masa"? Ga kuma masu ɗauko tsohon bidiyo, su goge lambar farko su sa tasu, alhali mai lalurar wataƙila ya daɗe da rasuwa.

Abin da ya fi ciwo shi ne abin da ke biyo baya a cikin gari. Da zarar bidiyo ya zagaya, kowa ya ɗauka wane ya zama mai kuɗi. Maƙwabciyar da ta saba aiko masa da tuwon dare sai ta janye. Ɗan uwan da ke ba shi damin hatsi da kaka sai ya ce ai an tara masa miliyan. Masu bin sa bashi su taso, dangi su zo neman rabonsu. Ranar da aka zo rubuta sunayen mabuƙata a dandalin mai gari, wani zai ɗaga murya ya ce a tsallake shi, ai shi intanet ta riga ta sallame shi. Ko a Amurka ɗin, naƙasasshen da ke karɓar tallafin gwamnati na wata-wata da ake kira SSI, in dukiyarsa ta haura dalar Amurka 2.000 ana iya yanke masa tallafin, don haka kuɗin da aka tara masa da kyakkyawar niyya kan iya zame masa matsala. Su can gwamnati ce ke yankewa. Mu nan tallafin naƙasasshe shi ne maƙwabta da dangi, kuma shi ne bidiyon ke yankewa. An ba shi na wata ɗaya, an raba shi da na shekaru.

Abu na uku, wa ake zaɓa? Waya ba ta son kowace irin lalura. Tana son wadda ke sa hawaye cikin daƙiƙa talatin. Kurma ba ya sa kuka a bidiyo. Mai taɓin hankali da aka ɗaure a turke bayan gida ba mai zuwa wurinsa. Tsohuwar da ta makance a wani tunga can bayan Malawa, inda sai an hau tudu ake samun layin waya, ba ta san ma ana yi ba. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna akwai naƙasassu 715.497 a Nijar, wato kashi 4,2 cikin 100 na al'umma, kuma yau mun fi haka yawa nesa ba kusa ba. Ku yi lissafi da kanku: ko da kullum ta Allah za a tara wa mutum ɗaya kuɗi, ba fashi, sai an yi kusan shekara 2.000 kafin a zagaye waɗancan na 2012 kaɗai. Wannan ba tsari ba ne, caca ce, wanda rabonsa ya tsaga shi ke samu.

A nan ne nake son hukumomi su saurara, don bidiyon nan ba ƙaramin rufa musu asiri yake ba. Naƙasasshe a ƙasar nan yana da haƙƙi a rubuce. Tun 1993 akwai doka mai lamba 93-012 kan kare naƙasassu, wadda ta ce duk ma'aikatar gwamnati ko kamfanin da ke da ma'aikata 20 zuwa sama ya ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Tun 1996 aka yafe musu kuɗin kwanciya a asibitocin ƙasa. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. A watan Disamba na 2019 aka sake yin doka mai lamba 2019-62 kan shigar da su cikin harkokin rayuwa. Takardu kam ba mu da talaucinsu. Amma ku tambayi gurgun da ke bakin tashar Magarya ko ya taɓa jin ɗaya daga ciki. Mutum nawa aka tara wa kuɗin gadon asibiti a WhatsApp, alhali doka ta riga ta yafe musu, don kawai ba wanda ya gaya musu, ba wanda ya raka su wurin ma'aikatan jin daɗin jama'a su samu takardar shaida?

Wani zai ce ai akwai tallafin gwamnati. E, akwai shirin tallafin da aka fara a 2011 da taimakon Bankin Duniya, ana ba magidanta masu ƙaramin ƙarfi jika 10 a wata har wata 24, daga baya a shirin Wadata Talaka aka kai jika 15. An gode. Amma wannan na gidajen talakawa ne a garuruwan da aka zaɓa, kuma yana da ranar ƙarewa. Ƙafar da ta shanye kuwa ba ta warkewa bayan wata 24. Jika 15 a gidan mutum takwas, a cikin watan bakwai lokacin da rumbu ya koma fanko, kowa ya san iyakar inda za ta kai. Saboda haka in ka ga mai karɓar tallafin nan ya fito neman taimako, kada ka ce kwaɗayi ne.

Abin da ba zan lamunta ba shi ne babban mutum mai riƙe da muƙami ya ga bidiyo, ya aiko da jika 50 da mai ɗaukar hoto, a yi ta yi masa kirari a Facebook. Ranka ya daɗe, aljihunka daban, kujerarka daban. Abin da kujerar ke bin ka shi ne: naƙasassu nawa ne a ƙaramar hukumarka? Nawa aka ware musu a kasafin bana? Gidan likita nawa da aji nawa ke da hanyar da keken guragu zai hau? Ka amsa waɗannan, sannan mu tafa maka.

Mu kuma mutanen wannan yanki mun fi kowa sanin inda sana'ar nuna tausayi ke kai al'umma. A watan Oktoba na 2013 mutum 92, galibinsu mata da yara daga yankin Kance, ƙishirwa ta kashe su a hamada kan hanyar Aljeriya. A watan Maris na 2022 sai da gwamnati ta aika jirgi Dakar ya kwaso 'yan Nijar fiye da 1.000 da ke bara a titi, kuma da aka tashi faɗin inda suka fito, sunan Kance da Magarya aka kira. Duk mun ji kunya a lokacin. To mene ne bambancin wanda ya ɗauki yaron wani ya kai shi titin Dakar yana nuna shi, da wanda ya ɗauki hoton gurgun wani ya kai shi titin Facebook, in dai a ƙarshe shi ke riƙe da kuɗin?

Na san amsar da za a ba ni: in ba a nuna ba, mutane ba sa bayarwa, gani ya kori ji. To ai shaida ake nema, kuma shaida ba sai da tsiraici ba. Limamin unguwa da mai gari da takardar likita sun fi hoton ƙafa ƙarfin shaida, don hoto ana satarsa, liman kuwa ana iya kiransa a tambaye shi.

Ga abin da nake kira a yi, kuma ba ya buƙatar ko dala daga Yamai.

Duk wanda zai buɗe neman taimako, ya fara samun mutum uku da aka sani a garin su tsaya masa: liman ko mai gari, wakilin ƙungiyar naƙasassu, da mace ɗaya dattijuwa, musamman in mai lalurar mace ce. A gaya wa mai lalurar, da bakin da zai gane, inda hoton zai kai. In yaro ne, a rufe fuska, kuma kada a buɗe jikin kowa. A faɗi abin da ake nema da adadinsa da ranar rufewa: keke ne, aiki ne a asibiti, ko jari. Lambar ta zama ta mai lalurar ko ta wanda shi ya zaɓa, in kuma kuɗin asibiti ne a biya kai tsaye a karɓo rasit. Ranar da aka rufe, a wallafa abin da ya shigo da abin da aka kashe a gurup ɗin da aka yi roƙon, sannan a goge bidiyon. Wanda ya ci kuɗin mota ya rubuta ya ci, ba haram ba ne in an sani.

In kuɗin sun yi saura, a sa su inda za su haihu: keken ɗinki, injin markaɗe, awaki biyu, teburin sayar da kaya ranar kasuwa. Ku leƙa Kano ku ga ƙungiyar waɗanda shan inna ta naƙasa, su ke ƙera kekunan guragu da hannunsu suna sayarwa, suna ciyar da iyalansu. Naƙasasshe ba mabaraci ba ne sai in mun mayar da shi.

Masu kula da gurup-gurup, ku ma da naku: duk bidiyon da ya zo babu sunan gari, babu masu tsaya masa, babu ranar rufewa, kada ku bari ya wuce. Ku kuma 'yan uwa naƙasassu, kuna da tarayyar ƙungiyoyinku ta ƙasa, FNPH, kuna da sarakunanku na makafi da na guragu tun kaka da kakanni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku je wurin prefe da kantomomin Magarya da Dungas a ƙungiyance, ku nemi a karanta muku dokokin nan da Hausa a gidajen rediyo, a kuma gaya muku ƙofar da za ku ƙwanƙwasa.

Wanda duk ya karɓi kuɗin jama'a da sunan wani bawan Allah, amana ya ɗauka, kuma in bai yi lissafi a nan ba, akwai inda zai yi shi ba tare da waya a hannu ba. Muna jiran ra'ayoyinku a ƙasa, amma don Allah kada a kama sunan kowa, kada kuma a saka hoton wani mai lalura. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Amin.