Niyya Ba Ta Tafiya Sai da Littafi da Shaida

Duk shekara, da zarar an gama yankan shinkafa a fadamun Argungu da Birnin Kebbi, kuɗi kan shigo hannun manomi a dunƙule, amma kafin wata uku sai ka ji shi yana neman rancen kuɗin taki da man injin ban-ruwa. Ma'aikacin gwamnati ma haka: albashi ya faɗo ƙarshen wata, kafin goma ga sabon wata an buɗe masa shafin bashi wurin mai shago. Kowannensu ya sha ɗaura niyyar gyarawa, shi ma mai hawan jini yakan fito daga asibiti da alƙawarin fara tattaki, ya yi na mako guda ya watsar. A ganina abu biyu ne suka rasa: rubutu, da mutumin da zai riƙa duba rubutun.

Hujjar tana cikin gidajenmu. Matar da ba ta iya riƙe dubu biyar a bakin zane ta kwana biyu, sai ga ta tana zubin adashi wata goma babu fashi. Halinta bai canza ba. Uwar adashi ce ke da littafi, ta san wadda ta zuba da wadda ta yi nawa, kuma ranar zubi yarinya za ta yi sallama a ƙofar ɗaki ta ce, "Wai an ce a ba da zubi." Kwatanta wannan da bashin noma na Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamban 2015. Noman shinkafa ya bunƙasa, amma karɓo bashin ya zama jidali. Ambaliya ta taka rawarta, gaskiya ne, sai dai manoma da dama sun ɗauki bashin rabonsu daga gwamnati, domin mai bin bashin na nesa ne, ba wanda za a haɗa ido da shi gobe a gidan suna ba. Ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta haɗa rubuta bashi da kafa shaidu.

Wani zai ce tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 talaka ba shi da abin rubutawa, kuɗin ne ba sa isa. Wannan magana tana da nauyi, kuma littafi ba ya rage farashin mudu. To amma lokacin ƙunci ne sanin inda kowace naira ta bi ya fi amfani, balle yanzu da kuɗi suka koma cikin waya, ba a jin fitarsu a tafin hannu: cajin mai POS, data, kuɗin kabu-kabu, ɗari biyu nan, ɗari biyar can. Wanda bai yi boko ba yana da ajami, ko ɗansa ɗan firamare.

Lafiyar jiki ma wannan hanyar take bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Masuncin da ke jan homa a kogin Matan Fada na Argungu ya wuce wannan ba tare da ya ƙirga ba; maganar ta mai zaman ofis ce da mai shago, wanda ko masallacin unguwa sai a kan babur. Zafin Afrilu ba uzuri ba ne, tun da akwai sanyin bayan asuba da filin wasa na Haliru Abdu a Birnin Kebbi. Abin da ke fitar da mutum ranar da kasala ta danne shi shi ne abokin da ke jiransa a ƙofar masallaci, sai kuma shafin da ake rubuta kwanakin fita da awon jini, a kai wa likita.

Saura batun sirri, domin mutanenmu na tsoron baki da hassada. Ai ba a ce a yi shela a kasuwa ba. Shaida ɗaya ya isa, miji ko mata ko amini, kuma ba lallai ya san jimillar abin da ke aljihu ba. Aikinsa ya tambaya kowace Juma'a ko an cike shafin makon.